Ni Ce Ma'aikaciyar Iyayena

Shafi na 14

Ku yafe min shirun kwana ukun nan. Ban gudu ba, wayata ce ta faɗa tukunyar romo. Ke kuma baiwar nan mai turo min "ki ji kunya ki nemi aiki" kullum da safe, na ga saƙonki, a gaida mutanen gida.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce Tan Shulan, a gida Lanlan. Shekarata talatin da biyu. Wata goma ke nan da kamfaninmu na Shenzhen ya sallame mu, na tattaro na dawo gida Zigong, a nan ƙasar China. Baba da Mama suna biyana yuan dubu huɗu duk wata daga fanshonsu. Aikina cefane, girki, raka Baba asibiti, da zama abokiyar rawar Mama a dandali da yamma. Mun tsaya a ranar da Baba ya cika sittin da shida.

Sha biyu saura na gama jera abinci. Zomo mai yaji, kifi a romon barkono, awara, ganye kala biyu, sai kwanon mai biki: taliya zare ɗaya mai tsawon gaske, wadda ba a tsinka ta sai an shanye, don kada a tsinka wa mutum kwana.

Mu shida ne. Baba, Mama, ni, sai Yaya Wenbo da matarsa Pei Rong da suka iso daga Chengdu a jirgin ƙasan safe. Ta shida Goggo Guoying ce, ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa gayyatarta ba, ba a kuma taɓa yin biki babu ita ba.

Yaya cikin kwat ya zo, takalmi yana ɗaukar ido, kamar wanda zai buɗe banki.

Goggo ta ɗanɗana zomon ta lumshe ido.

"Wa ya dafa wannan?"

"Ni ce, Goggo."

"Kai! Ashe digiri biyu bai tashi a banza ba."

"Ki ƙara mana, akwai a tukunya."

"Zan ƙara kuwa. Ai kuɗin yayana ne."

Yaya ya ajiye tsinken cin abincinsa, ya gyara zama.

"Tunda Goggo ta taɓo zancen..."

Mama ta ce, "Ba ta taɓo komai ba. Ci abincinka."

"Mama, ki bar ni na yi magana. Ni ne babba."

"A gidan nan ubanka ne babba, kuma yau ranarsa ce."

Duk muka kalli Baba. Shi kuwa ya riga ya kama bakin taliyarsa, rabi a ciki rabi a kwano. Ba halin magana. Sai ɗaga hannu yake yana zaro ido.

Yaya ya ɗauka izini aka ba shi.

"Lanlan, shekararki nawa?"

"Ka fi ni sani, kai ka goya ni."

"Talatin da biyu. Ina kamarki ina da gida, ina da mata, ina da 'ya."

"Gidan da Baba ya sayar da shagon kaka ya biya maka kafin alƙalami?"

"Wannan daban. Kowane uba yana yi wa ɗansa."

"To ni ma aiki nake yi, Yaya."

"Wane aiki?"

"Biyar da rabi nake tashi. Ka san inda ake samun zomo mai kyau? Ka san maganin hawan jinin Baba kala nawa ne? Ka taɓa yin rawar awa biyu cikin mata arba'in, kowace tana juyowa tana tambayar yaushe za ka yi aure?"

Mama ta ce, "Kuma har yau taka min ƙafa take yi."

"Mama, wai ɓangaren wa kike?"

"Ɓangaren ƙafata."

Matar Yaya ta yi 'yar dariya ta ci gaba da cire ƙayar kifi. Ita dai tun da suka zo ba ta ce uffan ba bayan gaisuwa.

Yaya ya zaro takarda daga aljihun kwat ya shimfiɗa kusa da kwanona.

"Wani abokina yana da otal a Chengdu. Suna neman mai karɓar baƙi. Dubu uku da ɗari biyar."

"Hayar ɗaki a can fa?"

"Ba maganar kuɗi ba ce. Maganar mutunci ce. Mutum ya ci guminsa."

Goggo ta gyaɗa kai, bakinta cike.

"Gaskiya ɗaci gare ta. Kin san sunan da ake kiran irinku a unguwarmu? Masu gwaguyar tsofaffi. Sai sun kai ga ɓargo suke bari."

Na ƙara wa Goggo romo a kwano. Amma ba don na rasa amsa ba ne.

Bari na gaya muku abin da ke cikina, tunda ku ba a teburin kuke ba. A gidanmu ni ce mai taɓa wa kowa waya. Idon Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, Mama kuwa sau biyu tana tura kuɗin mai kifi ga mai gyaran takalmi. Wata bakwai da suka wuce, Baba ya ja ni baranda ya rufe ƙofa.

"Tura wa yayanki dubu uku. Kuɗin gida ya matse shi. Idan uwarki ta ji, ni da ke ne."

Kwana biyar tsakani, ina yanka albasa, Mama ta shigo kicin ta kunna famfo don kada a ji.

"Tura wa yayanki dubu uku. Kuɗin darasin jikata ne. Kin san halin ubanku, kada ya ji."

Tun daga nan kowane wata haka. Na zama rumbun sirrin mutum biyu da ke kwana a gado ɗaya. Shi kuwa Yaya bai san ni ce mai danna wayar ba.

Shi ya sa na zuba masa ido kawai yana ta zuba.

"Ni fa kunya nake ji, Lanlan. Idan aka tambaye ni ƙanwata me take yi, rasa bakin magana nake. Dube su, sun tsufa. Ni tun da na bar gidan nan ban taɓa miƙo musu hannu ba. Ko sau ɗaya!"

Ban san sanda idona ya kawo ruwa ba. Ba ƙaryar ce ta ƙona ni ba, kalmar kunyar nan ce.

Mama ta gani. Baba ma ya gani.

"Wenbo, ya isa! Kai ma ai..."

Murya biyu ce ta fita lokaci ɗaya. Kalma ɗaya, numfashi ɗaya.

Goggo ta dubi Baba ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Yaya! Ka tsinka taliyar!"

Ba wanda ya kula ta. Mama ta juya a hankali ta dubi Baba.

"Tsoho Tan. Shi ma ai me?"

"Ke kika fara."

"Tare muka fara."

"To ƙarasa naki."

"Kai dai ƙarasa naka."

Suka yi ta kallon juna. Can sai duk suka juyo kaina.

"Lanlan."

"Ni ma'aikaciya ce. Ba na shiga rikicin shugabanni."

Mama ta ce, "Wa yake miƙa miki albashi?"

"Ke."

"To buɗe baki."

Baba ya yi caraf. "Na ƙara miki ɗari biyar, yi shiru."

"Na ƙara dubu, faɗi!"

Goggo ta jawo kujerarta ta matso har gwiwarta tana taɓa tawa.

"Faɗi, 'yar nan, ni ma zan sa ashirin."

Na kalli Yaya. Goshinsa ya jiƙe. Na so na tausaya masa, amma takardar otal ɗin nan tana gabana, har romo ya ɗiga a kanta.

"Biyar ga wata, Baba, dubu uku. Goma ga wata, Mama, dubu uku. Wata bakwai ke nan."

Baba da Mama suka zaro ido.

Mama ce ta fara farfaɗowa.

"Kai! Kai da kake cewa namiji sai ya sha wuya yake zama mutum?"

"Ke fa? Ke da kika ce wanda ya yi aure ya fita daga tukunyarki?"

"Ni uwa ce!"

"Ni kuma maƙwabci ne?"

Goggo ta tafa hannu ta ƙyalƙyale.

"Tabɗi! Dubu shida! Ita wannan dubu huɗu take karɓa, ga zomo a gabanmu. Kai Wenbo, me kake dafawa?"

"Goggo, don girman kaka..."

"A'a, tambaya ce. Mai kwat ya fi mai ludayi tsada, shi ke nan na gane."

Baba ya murtuke fuska. "Ni ce min ka yi kuɗin gida."

Mama ta ce, "Ni kuma kuɗin darasin yarinya."

Sai duk ido ya koma kan matar Yaya. Ta gama cire ƙayar kifinta tsaf, ta ɗora tsokar a kwanon Yaya, ta goge yatsunta.

"Baba, Mama, kuɗin gida daga albashina yake fita. Darasin yarinya kuwa mahaifiyata ce take biya."

Mama ta riƙe baki. "To dubu shidan fa? Wenbo, caca kake yi? Ko wata ka ajiye?"

"Ba ko ɗaya, Mama," in ji Pei Rong. "Ni yake kawo wa. Duk sha biyar ga wata sai ya miƙo min ya ce ga albashi, an rage musu saboda kasuwa ta faɗi."

"Rong..." Muryar Yaya kamar ba tasa ba.

"Bar ni. Na daɗe ina jira ka faɗa da bakinka."

Ta juyo gare mu. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan.

"Wata shida da suka wuce ya manta kwanon abincinsa. Na ce bari na kai masa ofis. Maigadi ya dube ni ya ce ai sashensu an rufe shi tun wancan watan, duk an sallame su. Na dawo gida ban ce komai ba. Da yamma ya shigo yana cewa yau taro ya gajiyar da shi."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Washegari na bi shi. Mota biyu ya canza. Ɗakin karatu na gari ya shiga, hawa na uku, kujerar bakin taga. Ya buɗe kwamfuta yana ta tura takardun neman aiki. Da rana ya fita matattakala ya ci abincinsa, ya dawo ya ɗora kai a kan jaka ya yi barci. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Sun fi ashirin a wurin, duk da kwat ɗinsu, ba mai kallon wani."

Goggo ta daina tauna.

"Na laɓe a bayan kantar littattafai na sha kukana. Da na gama na wuce kasuwa na sayo haƙarƙarin da yake so. Tun ranar nake ƙara masa abinci a kwano."

Yaya ya ce, "Ni na ɗauka ramewa kika ga na yi."

"Ƙiba ka yi, mai gidan nan. Kilo huɗu."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai me ya sa?"

Ya cire tabarau ya danne idonsa da bayan hannu. Rabon da na ga hawayen Yaya tun ranar da ya faɗo daga keken Baba muna yara.

Na tura masa takardar otal ɗin.

"To ni me na yi maka, Yaya, da ka zo da ni a baki?"

Ya ja majina.

"Mu biyu mun yi musu yawa, Lanlan. Kullum na ga saƙon kuɗin nan sai na kasa haɗiye abinci. Na ce ko ɗaya ne a cikinmu ya sauka daga wuyansu."

"Shi ne ka zaɓe ni?"

"Ke an fi kiranki ganawa. Ni da sun ji shekarata talatin da bakwai sai su ce za su neme ni."

"Otal ɗin fa?"

"Ni na fara nema. Suka ce mace suke so."

Dariya ta kuɓuce min ba shiri. Pei Rong ta kama, Goggo ta ɗauka, har shi kansa Yaya yana yi yana share ido.

Na laluba cikin tasa na tsamo kan zomon, wanda tun safe na ɓoye wa kaina a ƙarƙashin barkono, na sa masa a kwano.

"Ci. Albashinka ya fi nawa, amma na riga ka shiga ma'aikatar nan da wata uku. Daga yau kai za ka dinga gaishe ni."

"Na ji."

"Kuma wanke-wanken yau naka ne. Cire kwat."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Mama ta buga tsinke a bakin kwano.

"Ku saurara, ku biyun. Shekarar da aka rufe masaƙarmu aka sallame ni, ubanku ma wata takwas ba a ba shi aiki ba. Uwata ce take ɗauko shinkafa da ƙwai daga ƙauye a kan kafaɗa, ta ciyar da mu huɗu har shekara biyu. Ba wanda ya ce mun gwaguye ta. Abin da muka tara, idan ba ku ci ba wa zai ci? Ƙarya ce kawai ba na so. Guoying, ke ma a tukunyar nan kika ci."

"Ni romo kawai na sha."

"Da ƙwai biyu a ciki."

Baba ya saki fuska, ya ɗaga ɗan kofinsa na giyar dawa, wanda likita ya yarje masa sau ɗaya a shekara.

"To shi ke nan, magana ta ƙare. Kowa ya ci abinci. Yau ranar farin ciki ce."

Muka ɗaga kofuna. Na Mama ne kawai ya tsaya a hanya.

"Dakata."

Ta ajiye kofin a hankali.

"Tsoho Tan. Katin fanshonka yana ina?"

"Yana... wajenki mana."

"Shekara nawa?"

"Shida."

"Nawa nake ba ka a wata?"

"Ɗari uku. Na shayi."

"To dubu uku daga ina?"

Baba ya kalli tasa. "Kifin nan ya yi daɗi, Lanlan. Wane irin barkono kika sa?"

"Ba da Lanlan kake magana ba."

"Ajiya ce. 'Yar tsohuwar ajiyata."

"Ta cikin takalmin sanyi? Na kwashe ta tun bara. Ɗari takwas ce."

"Ke ce? Ni da na yi ta zargin mai gyaran famfo!"

"Kada ka canza min hanya."

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Baba bai taɓa cewa na cire daga wani asusu ba. Tsabar kuɗi yake miƙo min a naɗe cikin jarida, na zuba a wayarsa na tura da sunansa. Kuma kullum da ya karya sai ya rataya gorar shayinsa ya ce ya tafi dara a lambun gari, ba ya dawowa sai rana ta take. Mutumin da ko ni ina cinye shi a dara.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Baba ya zabura har kujerarsa ta yi baya.

"Kada a buɗe! Masu talla ne!"

Ina! Goggo ta riga ta kai.

Wani ƙaton mutum ya shigo da kwandon lemo a hannu ɗaya, ambulan a ɗayan, yana washe baki. Kuang ne, tsohon yaron Baba. Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana walda ƙarafan manyan fitilun biki na garinmu, irin masu tsayin bene. A hannunsa Kuang ya koya. Shekara shida da suka wuce jiri ya kwashi Baba a kan tsani, likita ya hana shi, Mama kuma ta rantse ranar da ya sake taɓa walda za ta koma gidan 'yar'uwarta. Yanzu Kuang ne mai ma'aikatar kansa, har ƙasashen waje yake kai fitilu.

"Maigida, tsawon rai! Uwar ɗakina, barka da biki! Na ce ba zan jira Litinin ba, albishir ba ya kwana!"

Baba sai ƙifta masa ido yake, yana girgiza kai. Kuang ya ɗauka murna ce.

"Tikiti ya fito! Laraba za mu tashi. Dubai, wata uku cur. Uwar ɗakina, ba don Maigida ba da kan fitilar dodon nan bai tsayu ba. Samari goma sun kasa. Shi kuwa wata bakwai kullum yana kan tsani kamar ɗan shekara talatin!"

Mama ta miƙe tsaye a hankali.

"Tsani."

"Ƙwarai! Har can ƙoli."

"Dubai."

Murmushin Kuang ya fara ja da baya. Ya kalli Baba, ya kalli Mama.

"Au... bai gaya miki ba? To ai... ai na ɗauka da saninki, tunda tikitin ma biyu ne."

"Biyu?"

"Shi ya kafe. Ya ce ko a ɗauke su tare ko a nemi wani. Dama muna neman mai jin Turanci, albashi mai kyau, da wurin kwana..."

Mama ta fizge ambulan ɗin. Ta nisanta takardar daga idonta ta karanta da ƙarfi.

"Tan Shulan. Tafinta."

Tsinken hannuna ya faɗi ƙasa.

"Mama, na rantse ban san komai ba!"

Ba ta ko dube ni ba. Baba take kallo, shi kuma yana kallon rufi.

"Wato ka hau tsani a ɓoye. Ka yi min ƙaryar dara. Bai ishe ka ba, sai ka haɗa da sace min ma'aikaciya."

Baba ya kira ta da sunanta. "Suzhen, bari na yi miki bayani..."

Ta taka zuwa ƙofa, ta murɗa makulli sau biyu, ta zare shi ta jefa cikin aljihun rigarta.

"Kuang, ajiye lemon nan ka zauna. Yau ba mai fita daga gidan nan."